Renda ta nan-take ko ta jira: wacce za ta fi fitar da kai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ɗan ƙaramin situdiyo a Kano, ni da yarana biyu, muna yi wa 'yan kasuwa tallar kartun, wani lokacin kuma siddabarun hoto a finafinai, duka da Blender muke yi, manhajar ƙera hotunan 3D. Na tara kuɗin kwamfuta ɗaya mai ƙarfi. Wasu sun ce in koma manhajar Unreal Engine mai fitar da hoto nan take, wasu sun ce in tsaya kan Cycles, injin fitar da hoto na cikin Blender. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin maganar manhaja, ɗauko biro mu yi lissafi, domin a wannan sana'a awannin kwamfuta da kuɗin wuta ne ke cinye riba.

Talla ta daƙiƙa 30, a kan firem 25 kowace daƙiƙa, hotuna 750 ke nan, kuma renda ita ce aikin da kwamfuta ke yi na fitar da su ɗaya bayan ɗaya. Cycles yana bin sawun haske ne daga bango zuwa gilashi zuwa fuska, shi ya sa hotonsa ke kama da na kyamara, shi ya sa kuma yake da nawa. A ce kowane firem ya ci minti 4: minti 3,000, wato awa 50. Kwamfutar da ke jan wat 450 za ta sha wutar yunit 22 da rabi, kuma idan a janareta ne ka san abin da kwana biyu na fetur ke nufi. Eevee, injin renda mai sauri wanda ke cikin Blender ɗin da kake da shi tun fitowar 2.80 a 2019, kintatar hasken yake yi. A ce daƙiƙa 3 kowane firem: ƙasa da minti 40 an gama. Yanzu kwastoma ya zo ya kalla, ya karkata kai ya ce kwalin sabulun nan ja nake so, ba kore ba. Dole a sake rendar, kuma a nan ne bambancin yake zama kuɗi.

Don haka ka mai da Eevee abin aikinka na kullum. Kada ka ji ana cewa na masu koyo ne. Fim ɗin kartun na ƙasar Latbiya mai suna Flow, da ya ci Oscar a 2025, da shi aka fitar da hotunansa.

Amma akwai inda Eevee yake gazawa, kuma gara ka sani tun kafin kwastoma ya gani. Kwalbar lemo mai raɓa a jiki, turare a cikin gilashi, zoben zinariya, madubi: haske ba ya ratsa su daidai, kuma abin da ya fita daga idon kyamara yakan ɓace daga madubin. Haka siddabarun da za a ɗora kan hoton da aka ɗauka da kyamara. Idan inuwar motar da ka ƙera ba ta kwanta a ƙasa kamar ta mutumin da ke tsaye gefenta ba, ko yaro zai gane ɗori ne. Waɗannan ka ba Cycles, su kaɗai. Sau da yawa daƙiƙa 5 na ƙarshen talla ne, inda ake nuna kayan kusa-kusa, firem 125 kacal.

Unreal fa? Kyauta ne ga kamfanin da kuɗin shigarsa bai kai dala miliyan ɗaya a shekara ba, to matsalar ba ta lasisi ba ce. Watannin da kai da yaranka za ku yi kuna koyo ne, ga wahalar kwaso kayan da aka ƙera a Blender, inda fenti da ƙasusuwan motsi kan lalace a hanya. Ba na ba ka shawararsa yanzu, sai in ka samu kwangilar shiri mai dogon zango, ko masu gine-gine da ke son mai saye ya zaga cikin gida tun ba a aza tubali ba.

Wajen sayayya, ka zuba kuɗin a katin hoto, wato ɓangaren kwamfuta da ke aikin renda. Nemi Nvidia RTX mai ma'adana gigabait 12 ko sama, domin idan aikin ya fi ƙarfinta renda na iya tsayawa cak. Ka rage wani abu daga kuɗin don inbata ko UPS, batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta. Kuma kada ka taɓa fitar da aiki kai tsaye a MP4, wato bidiyo ɗaya dunƙule. Fitar da shi firem-firem a matsayin hotunan PNG ko EXR, in an ɗauke wuta a firem na 400 ka ɗora daga 401.

Sai yarjejeniya. Ka nuna wa kwastoma samfurin Eevee, ya amince a rubuce, ko da ta WhatsApp ne, sannan ka kunna Cycles. Gyara biyu kafin amincewa suna cikin farashi. Duk canjin da ya biyo baya da kuɗinsa, kuma ka lissafa shi da awannin renda da litar fetur, ka karɓi rabin kuɗin kafin ka fara.