Tsautsayin takaba da sauran karin maganar rashin sa'a

Tambaya: Malam, na ji wata tsohuwa ta ce "tsautsayin takaba, aure da majinyaci", kowa ya fashe da dariya. Me ake nufi, kuma shin tsautsayi da rashin sa'a abu ɗaya ne?

Amsa: Ba ɗaya ba ne. Kalmar sa'a daga Larabci muka aro ta, asalinta lokaci. Shi ya sa mai sa'a a wurin Bahaushe shi ne wanda ya dace da lokacin abu, har ake cewa "sa'a ta fi sammako". Ka fito tun asuba ka isa tasha, motar farko ta cika ta tashi a gabanka, wanda ya makara kuma ya samu kujerar gaba a ta biyu. Wannan rashin sa'a ne, ba ka yi asarar komai ba sai lokaci. Tsautsayi kuwa sai da ɓarna ko ciwo: tulu ya fashe a bakin ƙofa bayan an ɗauko shi daga rijiya. Kuma yakan zo da ɗan hannun mai shi a ciki, kamar wanda ƙafarsa ta ja shi zuwa inda abin zai same shi. Don haka ake cewa "tsautsayi ba ya wuce ranarsa".

Takaba ita ce zaman da mace take yi bayan rasuwar mijinta, wata 4 da kwana 10, ba ado, ba turare, ba ɗaura wani aure. To, macen da ta ga mutum kwance yana jinya ta amince aka ɗaura, ai takabar ce ta kira ta. Daɗin maganar yana cikin gininta: rabin farko ya faɗi sakamako, na biyu ya kawo sanadi. Ana faɗinta ga wanda ya sayi tsohon babur ana gobe injinsa zai buga. Ina roƙo, kada a faɗe ta a gidan makoki ko gaban mai takaba ta gaske. Wurinta hira ne, inda asarar ta kuɗi ce.

Tambaya: Mene ne bambancin "ana wata ga wata" da "ana kukan targaɗe sai ga karaya"?

Amsa: Ta farko ba ta auna girma. Ana cikin neman makullin ɗaki, sai ga baƙi sun yi sallama. Ta biyu dole matsala ta biyu ta fi ta farko nauyi, domin targaɗe ja da murza ake yi masa, karaya kuwa sai maɗori ya ɗaure da karare a yi makonni. Wanda ya juya su ya sa babba a gaba ya ɓata karin maganar.

Tambaya: "Faɗuwa ta zo daidai da zama" ma ta rashin sa'a ce?

Amsa: Nan mutane suke yawan kuskure. Mutum yana shirin zama, santsi ya kwashe shi, ya dira daidai kan tabarma. Wato abin ya zo da kamar tsiya amma ya biya bukata. Kana jin nauyin zuwa wani taro, sai aka kece da ruwan sama har magariba. Idan kuwa alheri ya matso har ka miƙa hannu sannan ya kuɓuce, kamar a ɗauke wuta ana saura kaɗan a gama maka aski, abin da za ka ce shi ne "ta leƙo ta koma".