Wanzamin teku da mai kama da shi

Wani mai karatu daga Tudun Wada, Kaduna, ya aiko da tambaya: "Malam, na ga bidiyon wani ɗan kifi yana shiga bakin ƙaton kifi, ya fito lafiya lau. Mene ne sunansa da Hausa? Sannan me ake nufi da 'kama da wane ba ta wane'?"

To, Malam, Hausa ba ta raɗa masa suna ba, don masuntanmu ba su taɓa jawo shi a koma ba. Tarwaɗa da ƙarfasa da giwan ruwa namu ne na ruwan daɗi. Shi kuwa ɗan ruwan gishiri ne, mazauninsa duwatsun murjani a teku mai ɗumi, tun daga Bahar Maliya, can wajen Jidda, har Tekun Indiya da Fasifik. Masana na ce masa Labroides dimidiatus, daga dangin Labridae mai iri sama da 600.

Gane shi ba wuya. Tsawonsa kamar santimita 10, siriri, da baƙin layi da ya taso daga baki, ya ratsa ido, yana ƙara faɗi har wutsiya. Ta wajen wutsiyar shuɗi ne.

Da za a bar mini zaɓi, "wanzamin teku" zan kira shi. Yana da wurin zama ɗaya a gindin murjani, manyan kifaye su zo su tsaya cak, su buɗe baki, shi kuma ya bi haƙora da fata yana tsince ƙwarin da suka manne. Ladansa abin da ya tsinta. Wani lokaci kwaɗayi kan ɗebe shi ya gatsi majinar jikin kifin da yake yi wa askin, nan take a fatattake shi.

Karin maganarka kuwa gargaɗi ce: kamanni ba ya mai da mutum ya zama wanda ya yi kama da shi, a hali ko a daraja. Ka ga misali a tekun nan. Akwai wani kifi, Aspidontus taeniatus, ba danginsa ba ne, amma ya ari launinsa da layinsa har da rangajin iyonsa. Babban kifi ya saki jiki, shi kuwa ya yagi fiffikensa ya arce.

In kana son rarrabe su a bidiyo, dubi bakin. Na wanzamin gaske yana can gaba a tsinin kai, na ɗan damfarar kuma a ƙarƙashi yake, da fiƙoƙi biyu a ɓoye.