Jaririna bakwaini ne, kilo 1.9, an sallame mu: yaya zan kula da shi a gida?

Allah Ya raya, 'yar'uwa. Duk jaririn da bai kai kilo 2.5 ba, sanyi ne babban abokin gabansa, domin ba shi da kitsen da zai riƙe masa ɗumi. Ki sa masa hula, safa da kunzugu kawai, ki kwantar da shi a tsaye tsakanin nonuwanki, fata da fata, kansa a juye gefe don ya samu numfashi, ki ɗaure da zane. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi haka awa 8 zuwa 24 kullum. In kin gaji, babansa ko kakarsa su karɓa. Don Allah kada a kunna garwashi a rufaffen ɗaki, hayaƙinsa na kisa. Kwalbar ruwan zafi kuma tana ƙona fatarsa.

Nono zalla, duk awa 2 zuwa 3, har cikin dare, ko barci yake ki tashe shi, sukarin jininsa na saurin faɗuwa. In ya kasa tsotso, ki tatsa a ƙaramin kofi mai tsabta, ki taɓa leɓensa ya lasa da kansa, kada ki ɗura, zai sarƙe. Ba ruwa, ba zuma. Cire beli kuwa a bar shi gaba ɗaya.

A riƙa auna nauyinsa duk mako. In ya ƙi nono, numfashinsa ya wuce 60 a minti, haƙarƙarinsa na lotsawa, zafin jikinsa ya yi ƙasa da 36.5 ko ya haura 37.5, ko ciwon shawara ya kai tafin hannu da ƙafa, ku tafi asibiti nan take, yana manne a ƙirjinki a hanya.