Wace manhaja ta dace da zana tsarin tafiyar aiki?

Ka tambayi manhajar da za ka zaɓa don zana yadda aiki ke tafiya a kamfaninku, tun daga shigowar oda har kaya su isa hannun mai saye. Kafin ka kashe kuɗi, ka tantance: zanen na dubawa ne kawai, ko so kuke kwamfuta ta riƙa gudanar da aikin?

Idan na dubawa ne, don sabon ma'aikaci ya san inda takarda ke zuwa bayan ta bar teburinsa, draw.io ta ishe ka, kuma kyauta ce. Visio ta fi dacewa da waɗanda suka saba da kayan Microsoft.

In kuwa sarrafa aikin kuke nufi, nemi wadda ke bin BPMN 2.0, wato ƙa'idar zana tsarin tafiyar aiki da ƙungiyar tsara ƙa'idojin manhaja ta OMG (Object Management Group) ta fitar a 2011, kamar Camunda Modeler ko Bizagi Modeler. Nan ne nake so ka natsu. Ka tabbata tana fitar da zanen a fayil ɗin XML, wato irin fayil ɗin da wasu manhajojin BPMN ma ke iya buɗewa, domin ranar da kuka sauya manhaja kada wahalarku ta tafi a banza.

Ka gwada ta da aiki ɗaya mai ratsa sassa uku, sannan ka miƙa wa akawu zanen ka ga ko zai karanta ba tare da an yi masa bayani ba.