Hutun kwana huɗu a tsibiri: in tafi da motar lantarki ko in bar ta a gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata bakwai ke nan da na sayi mota mai amfani da lantarki, batirinta kilowat-awa 60, kuma kullum a gida nake yi mata caji. Ban taɓa yin doguwar tafiya da ita ba. Yanzu ni da iyalina muna shirin hutun kwana huɗu a wani tsibiri, za mu tsallaka a jirgin ruwa mai ɗaukar motoci. Da na duba taswira sai na ga wuraren caji a can ba su kai yatsun hannu ɗaya ba. Maiɗakina ta ce mu ajiye ta mu yi hayar ta fetur. In tafi da ita ko in haƙura?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka tafi da motarka, amma kafin ka biya kuɗin tikiti ka tabbatar da abu biyu: inda motar za ta riƙa kwana akwai wutar da za ka jona ta, kuma jirgin zai karɓe ta. In waɗannan sun daidaita, ƙarancin wuraren caji a taswira ba abin ɗaga hankali ba ne.

Tsibiri na cikin wuraren da suka fi dacewa da irin wannan mota, domin ruwa ya riga ya yi wa tafiyarka iyaka. Tsawon tsibirin Malta gaba ɗaya wajen kilomita 27 ne. Mayorka ta Sifaniya, wadda ake kira babba, wajen kilomita 100 ce daga gabas zuwa yamma. Kirit ta Girka ce ta kai wajen 260. Mota irin taka kuwa tana shan tsakanin kilowat-awa 15 zuwa 20 a kowane kilomita 100, wato in ta cika za ta kai ka kilomita 300 ko fiye. Mai hutu da yara ba safai yake wuce kilomita 60 zuwa 80 a wuni ba, daga masauki zuwa bakin teku, zuwa cin abinci, a dawo. Wannan wajen rubu'in batirinka ne ko ƙasa da haka. Ga shi kuma hanyoyin tsibiri ƙanana ne masu kwana-kwana, ba a gudu a kansu, gudu kuwa shi ne babban mai cinye wuta.

Saboda haka maganar ta koma kan masauki. Soket ɗin bango na yau da kullum, a ƙasashen da ke da wuta irin ta Turai, yana ba da wajen kilowat 2.3. A ido kaɗan ne, amma in ka jona bayan isha ka cire da safe, awa takwas zuwa tara, ka mayar da wutar kilomita 90 ko kusa da haka, fiye da abin da ka kashe jiya. In masaukin na da akwatin caji na bango mai kilowat 7 ko 11, to ka gama da wannan babi. Sai dai kada ka dogara da abin da aka rubuta a shafin otal. Ka kira su da bakinka ka tambaya: cajar tana aiki yanzu? Guda nawa ce? Ana kama wuri tun kafin a zo? Da kebul a jikinta ko baƙo ne ke zuwa da nasa? Wannan ta ƙarshe tana kama mutane da yawa, domin galibin cajojin titi masu matsakaicin ƙarfi a Turai rami ne kawai a jikin ƙarfe, kai za ka zo da kebul ɗinka mai baki nau'in Type 2. Ka sa shi a but tare da cajar soket ɗin da aka sayar maka da motar.

Game da soket ɗin bango ina da gargaɗin da nake so ka riƙe da kyau. Butar shayi tana jan wuta minti uku ta huta, mota kuwa tana ja dare guda ba tsayawa, kuma tsohon wayarin ba ya jure wannan. Na taɓa jona mota a garejin wani gidan saukar baƙi, bayan rabin awa na dawo na taɓa filogin, sai na ji ya yi zafin da ba na iya riƙe shi, gefen soket ɗin har ya fara yin ruwan ƙasa yana warin roba. Da na kwanta ban duba ba, Allah kaɗai ya san abin da zai faru. Don haka ka nemi izinin mai gida tukuna, ka rage ƙarfin jan wutar a allon motar ko a jikin cajar in tana da wannan zaɓi, ka dawo bayan minti talatin ka sa hannu ka ji. Ɗumi kaɗan ba komai, zafi kuwa a cire nan take. Kada ka yi ƙari da igiyar wuta ta cikin ɗaki, balle wadda take naɗe a kan faifanta.

Sai jirgi. A nan dokoki sun bambanta ƙwarai daga kamfani zuwa kamfani, kuma suna sauyawa. A 2024 ma'aikatar sufurin ruwa ta Girka ta fitar da umarni cewa motar lantarki da za ta shiga jirgi kada cajin batirinta ya wuce kashi 40 cikin 100. A farkon 2023 kamfanin Havila, mai jigila a gaɓar Norwe, ya daina ɗaukar motocin lantarki gaba ɗaya. Dalilin ba wai sun fi na fetur saurin kamawa da wuta ba ne. Wutar batirin litiyam ce ke da wuyar kashewa a cikin rufaffen wuri a tsakiyar teku, tana iya sake tashi bayan an ɗauka ta mutu, kuma batirin da ba a cike yake ba wutarsa ba ta kai ta cikakke muni. Wasu kamfanonin kuma ba su da wata ƙa'ida, sai dai su nemi ka faɗi nau'in motar lokacin yankar tikiti don su san inda za su ajiye ta. Ka faɗa musu gaskiya, ka karanta sharuɗɗansu na bana.

In babu dokar kashi 40, ka yi caji mai sauri dab da tashar jirgin kafin ka tsallaka, ka shiga jirgi da kashi 80 ko 90. Da wannan kaɗai kana iya cin rabin hutun ko fiye ba ka jona ko sau ɗaya ba. In akwai dokar, kashi 40 na batirinka kilowat-awa 24 ne, wajen kilomita 130, ya ishe ka isa masauki har da yawon yamma. A cikin jirgin ka kashe ƙararrawar ɓarayi mai jin motsi, domin rawar igiyar ruwa tana tayar da ita, ka kuma kashe kyamarorin gadi in motarka na da su, irin Sentry na Tesla, suna tsotsar batiri a banza.

Wani abin da taswira ba ta nunawa shi ne tudu. Tsibirai da yawa duwatsu ne da suka fito daga teku. A tsibirin Tenerif na Sifaniya titi yana hawa sama da mita 2,000 a hanyar dutsen Teide. Ɗaga mota mai nauyin tan biyu tsayin mita 1,000 yana cin wajen kilowat-awa biyar da rabi, ban da wutar tafiyar kanta. Za ka ga lambar kilomitan da ke allo tana zubewa da sauri, gaban mutum har ya faɗi. Ka kwantar da hankalinka, a gangara injin yana juyewa ya zama janareto ya mayar da wani kaso mai kyau cikin batiri. Amma in masaukinka a saman tudu yake, kada ka cika ta kashi 100 da dare, domin cikakken batiri ba shi da wurin karɓar wutar gangara, sai nauyin ya koma kan birki. Kashi 80 ya wadatar.

Ka kuma kiyaye ruwan gishiri. Kada ka ratsa hanyar da teku ya malalo kanta, kada ka ajiye mota a yashin da ruwa ke cikowa. Bayan guguwar Ian a jihar Florida ta Amurka a 2022 an ga motocin lantarki da ruwan teku ya shanye suna kamawa da wuta kwanaki bayan ruwan ya janye.

Cajojin nan kaɗan da ka gani a taswira, ka ɗauke su a matsayin na ko-ta-kwana. Ka buɗe manhaja irin PlugShare ko Chargemap ka karanta abin da direbobi suka rubuta a makonnin nan, don caja tana iya zama a taswira alhali ta daɗe da lalacewa. Ka sauke manhajar kamfanin da ke da su, ka yi rajista tun kana gida inda intanet ke da ƙarfi. A Tarayyar Turai, sababbin cajoji masu kilowat 50 zuwa sama da aka kafa daga Afrilun 2024 dole su karɓi katin banki, amma tsofaffi da ƙanana har yanzu da yawansu sai da manhaja.

Maiɗakinka tana da gaskiya a yanayi ɗaya: in masaukin ya ce ba caja ba soket, kuma tsibirin caja mai sauri ɗaya ce tak gare shi a lokacin cunkoson baƙi. A nan ni ma zan ce a sauya masauki ko a bar motar a tasha. Motar lantarki in ta mutu a hanya ba a kawo mata jarka, ba a kuma jan ta da igiya tayoyinta na ƙasa, sai motar ɗauka mai shimfiɗaɗɗen baya, wadda a ƙaramin tsibiri kan yi wuyar samu.

Daren ƙarshe ka lissafa komawa. Ka bar wutar da za ta kai ka tasha, ta jure zaman layi da na'urar sanyaya mota a kunne, sannan ta kai ka caja ta biyu a ɗaya gaɓar, ba ta farko kaɗai ba, domin duk masu irin motarka da suka sauka jirgi tare da kai ta farkon za su nufa. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.