Me ya sa gwandar da na shuka ba ta yi kama da uwarta ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ɗan lambu a bayan garin Daura. Bara na sayi wata gwanda mai jan ciki da zaƙi, na wanke irinta na shuka na yi renonsa. Da suka girma, kusan rabinsu fure kawai suke yi ba 'ya'ya, waɗanda suka haihu kuma kowace da kalar nata. Irin ne ya lalace, ko ƙasata ce?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ƙasarka ba ta da laifi, irin ma lafiyarsa ƙalau. Uwar kawai ka gani a kasuwa, ba ka san uban ba, alhali rabin gadon kowace ƙwayar iri daga gare shi yake, kuma iska da ƙwari ne suka kawo garin furensa daga inda ba ka sani ba.

Gwanda jinsi uku gare ta: namiji, mace, da mata-maza. Namiji shi ne mai ƙananan furanni a jikin dogon sanda da ke reto. Mace furenta babba ne, manne da kututture, 'ya'yanta kuma sun fi zagaye. Mata-maza furenta na ɗauke da ɓangarorin biyu, tana iya yi wa kanta barbara, 'ya'yanta dogaye ne masu kaurin tsoka. In namiji ya yi wa mace barbara, rabin irin maza za su fito, rabi mata, wato abin da ka gani ke nan. In kuwa mata-maza ta yi wa kanta, cikin kowane uku biyu mata-maza ne, ɗaya mace, babu namiji ko ɗaya, kowace bishiya za ta haihu. Na san wasu kan sare kan namiji ko su buga masa ƙusa wai ya koma mace. Namiji yakan yi 'yan 'ya'ya jifa-jifa a ƙarshen dogon sandansa, amma jinsinsa a cikin ƙwayoyin gadonsa yake, ƙusa ba ta kai can.

Launin ciki ma haka ne. Ruwan ɗorawa ya fi ja ƙarfi a gado, don haka in uban tsantsar mai ruwan ɗorawa ne, jan zai ɓuya a 'ya'yan.

Abin da na fi so ka kama shi ne: a jikin bishiya ake zaɓen iri, ba a tiren mai talla ba. Ka nemi mata-maza mai lafiya wadda ta fara fure da wuri tun tana gajera, wadda 'ya'yanta suka jeru a kututture ba giɓi. Kada girman ɗa guda ya ruɗe ka, sau da yawa mai manyan 'ya'ya kaɗan take yi, kuma matsakaiciya ta fi saurin shiga a kasuwa. Irin gwandar da ake kira Solo da aka kai tsibiran Hawayi na Amurka daga tsibirin Barbados a 1911 ƙanana ne 'ya'yansa, amma ya yi suna a duniya saboda zaƙi da daidaito, don an yi ta killace furensa zuri'a bayan zuri'a. Kai ma za ka iya: ka rufe furen mata-mazan da ka zaɓa da ƙaramar jakar takarda kafin ya buɗe, ka ɗaura zare don shaida, wannan ɗan kaɗai za ka ciri irinsa.

Sai dai yanayinmu na da nasa hukunci. A tsananin zafin bazara, daga Maris zuwa Mayu, furen mata-maza kan rasa ɓangaren mace ya zube, shi ne giɓin da ake gani a kututture daga baya. Bishiyoyi sun bambanta wajen jure wannan, kuma juriyar ana gadonta. Don haka wadda ta riƙe 'ya'yanta a bazarar Daura ta fi daraja a wurinka fiye da wadda aka yaba a wata ƙasa mai sanyi.

Yanzu ka cire mazan, ka bar ɗaya ga kowace mace goma. Shuka ta gaba ka sa uku ko huɗu a rami, in fure ya nuna jinsi ka bar guda. In ka sayi irin aure na kamfani, wato wanda aka haɗa daga iri biyu daban, kamar Red Lady na Taiwan, kada ka ajiye irin 'ya'yansa, zuri'a ta biyu rarrabuwa take yi, sai dai ka sake sayen sabo.