Amsar Gwaggo kan haddar ayoyi a gida

'Yata, gaisuwa cikin sunan Ubangiji Yesu. Saƙonki ya iso. Kin ce ƙaramin yana shekara 4, babbar tana 8, kuma ayar da ake ba su a Makarantar Lahadi kafin Laraba ta zube. Kina tambaya yaya ake yi a gidajenmu, ko sai an haɗa da bulala.

Malamar Makarantar Lahadi sau ɗaya take ganinsu a mako, ga aji cike da yara. Nata ba da aya ne, riƙewa a gida ake yi. Maimaitawar Shari'a 6:6-7 iyaye ta ɗora wa aikin: a zaune cikin gida, a kan hanya, lokacin kwanciya da lokacin tashi. Timoti ma tun yana ɗan yaro ya san Littattafai, Bulus kuwa ya ambaci bangaskiyar kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki.

Kafin komai, ki tsaya a kan fassara ɗaya. Akwai tsohon Littafi Mai Tsarki na 1932, akwai wanda aka sake fassarawa ya fito wajen 1980, ga kuma sababbi a waya. Kalmominsu ba ɗaya ba ne, har sunayen littattafan: nan Yohanna can Yahaya, nan Misalai can Karin Magana. Yaron da ya koyi rabi daga nan rabi daga can zai cakuɗa su. Ki tambayi malamar wanne suke biyawa a ikilisiyarku, shi za ki ajiye a gida.

Minti 5 zuwa 10 a rana sun isa, a lokacin sujadar iyali. In da dare kuke yi, a yi kafin tuwo, don bayan tuwo gyangyaɗi kawai za ki samu. Ki karanta ayar duka sau ɗaya, sannan ki yanka ta gaɓa-gaɓa, kalma huɗu ko biyar, gwargwadon numfashin yaro. Ki faɗa su amsa, sau uku. Ki kawo gaɓa ta biyu, sau uku, sai ki haɗa su. Sunan littafi da sura da aya a faɗe su a farko, a sake faɗa a ƙarshe, domin su ne ke fara ɓacewa.

Ƙaramin da kunne zai koya. Gajeriyar aya ɗaya ta ishe shi mako biyu. Zabura 23:1 ta dace da shi: "Ubangiji makiyayina ne." In kun ga makiyayi yana kora tumaki, ki nuna masa sandar, ki nuna yadda suke bin sa. Kalmar da yaro bai gane ba yakan tauna ta ya fito da wata, in kuwa ta zauna a bakinsa a karkace gyaranta ya fi koyar da sabuwa wuya. Babbar kuma aya ɗaya a mako, ta rubuta da hannunta a littafin da kika keɓe don wannan. Ki rubuta mata da alli a bango ko a allo, kullum ki goge kalma biyu tana cikewa da ka, har bangon ya zama fayau. Daga nan ku shiga dogayen wurare. Zabura 23 aya 6 ce, mako shida ke nan. Sai Addu'ar Ubangiji a Matiyu 6:9-13, Zabura 121 mai aya 8, sannan Matiyu 5:3-12.

Inda yawancin gidaje ke faɗuwa shi ne tishi. Kowa yana son sabuwa, ba mai komawa kan tsohuwa. Maƙwabtanmu na makarantar allo sun riƙe wannan da kyau, ba a yi wa yaro ƙari sai ya kawo na baya. Ayar makon nan kullum za a biya ta. Na watan da ya wuce, sau biyu a mako. Tsofaffin kuma ki rubuta sura da ayar kowace a 'yar takarda, ki naɗe ki jefa a gwangwanin madara. Ran Lahadi da yamma kowa ya sa hannu ya zaro biyu, har ke da maigidan. In babansu ya kakare 'yarsa ta ɗora shi, za ki ga yadda za ta ƙara ƙwazo. Makon da kika ga tsofaffin suna zamewa, kada ki ba da sabuwa. Aya 20 da suka zauna daram a shekara sun fi 50 da aka bi ta kansu a guje.

Waƙa tana taimakawa ƙwarai, amma a sa yaro ya faɗi ayar da magana ma, in ba haka ba da zarar an cire karin sai ya tsaya cik. Haddar dare ɗaya don gasar yara a coci kuwa ba ta kai mako.

Bulala, a'a. Yaron da ya tsorata kansa kullewa yake yi, ayar da ya iya jiya ma ta gudu. Kada kuma ki mai da hadda horo, wai ya yi laifi ya je ya haddace aya biyar. Mu iyaye muna son Afisawa 6:1 da ke cewa 'ya'ya su yi biyayya, mu tsallake aya ta 4 da ta hana tsokanar su. In ya kakare, ki yi shiru kaɗan, ki ba shi kalmar farko kawai. Kada ki gwada shi da yayarsa. Alewa in an gama sura ba laifi, amma ban yarda da biyan kuɗi kan kowace aya ba, ranar da babu kuɗi babu hadda.

In ayar da suka kawo da Turanci take, ki fara buɗe musu ita da Hausa su ji abin da take cewa, sannan su haddace yadda aka ba su.

Ki gaida maigidan da yaran.

Gwaggonki